Jawabinmu a Taron Makiyaya na Partago

A 2020 gwamnatin Benin ta haɗa jari da kamfanin Arise don kafa masana'antun Glo-Djigbé, kusa da Kwatano. A 2024 kuma aka hana fitar da ɗanyen waken soya da kashu.

To, daga Jugu har Paraku, matanmu na noman waken nan. In masu saye suka yi kaɗan, farashi a hannunsu yake. In kuɗin wake ya kasa, mu ne za mu kai karsana kara.

Saboda haka, duk inda za a yanka farashi, a zauna da mata. Makiyayan Gogounou sun riƙe kasuwarsu da kansu. Matanmu ma su haɗa kai, su sayar tare. Allah ya ba mu damina mai albarka.