MAKARANTA KO GIDA: WA KE RIƘE 'YA'YAN YAHUDAWAN AMURKA?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami, masanin zamantakewar al'umma, ya gabatar a kan makarantun wuni na Yahudawan Amurka.

Malamin ya soma da cewa lokacin da Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi hijira daga Gabashin Turai zuwa Amurka, tsakanin 1881 da 1924, akasarinsu makarantun gwamnati suka sa 'ya'yansu don su iya Turanci su sami abin yi. Karatun addini kuwa sai da yamma ko ran Lahadi, bayan yaro ya riga ya gaji.

Ya ce a 1944, ana cikin kisan kiyashin da Hitila ya yi masu, wanda ya rushe manyan makarantunsu na Turai, sai malaminsu Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah a New York don yaɗa makarantun wuni. A irin wannan makaranta ana raba wa yaro wuninsa biyu: rabi Attaura da Talmud da Ibrananci, rabi lissafi da kimiyya da Turanci.

Ya ci gaba da cewa wani bincike na 1990 ya nuna kashi 52 cikin 100 na waɗanda suka yi sabon aure a cikinsu, waɗanda ba Yahudawa ba suka aura. Ko da yake daga baya an rage adadin, hankalin shugabanninsu ya riga ya tashi, attajirai suka shiga zuba dukiya a makarantun. Ƙidayar Gidauniyar Avi Chai ta 2018 zuwa 2019 ta sami ɗalibai kusan 292,000 a makarantu 906.

Daga nan sai Malamin ya jefo tambaya. Ya ce gaskiya ne waɗanda suka yi makarantar wuni sun fi kiyaye Asabar, sun kuma fi aure a cikin al'ummarsu. To amma aikin makaranta ne ko na gida? Domin mafi yawan ɗaliban daga gidajen masu tsananin riƙo da addini suke fitowa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya kuma ambaci matsaloli biyu. Ta farko tsada: akasari iyaye da masu taimako ke ɗauke da makarantun, a wasu kuɗin shekara ya haura dala 30,000 kan yaro guda. Ta biyu, a 2022 jaridar New York Times ta bayyana yadda yara maza a makarantun 'yan ɗariƙar Hasidi da dama ke faɗuwa jarrabawar Turanci da lissafi, zargin da shugabanninsu suka musanta.

A ƙarshe ya ce makaranta tana ƙarfafa abin da gida ya dasa, tana sama wa yaro abokai da unguwa masu tafiya a kan turba ɗaya. Amma duk iyayen da suka biya kuɗi suka naɗe hannu, sun ɗora wa malami kayan da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.