Wasan Yara A Cikin Ɗaki Lokacin Damina

An ce in yi magana a kan wasan yara. Na san wani zai ce, to, wasa kuma har sai an tara manya? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Mu da muke zaune a nan Obi mun san daminarmu ba irin ta Katsina ko Sakkwato ba ce. Ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba. Rafi ya cika, hanya ta yi taɓo, ga 'yan acaɓa suna ta gudu. In ka bar yaro waje hankalinka ba kwance ba, in ka tsare shi a ɗaki ya dame ka da rigima, sai uwa ta miƙa masa waya don ta huta. Abin da na zo faɗa shi ne, maganin yana cikin gidajenmu, kuma ba ya cin ko kwabo.

Na farko, 'yar tsana. Ku je wurin tela ku karɓo ƙyallayen da yake zubarwa. A samu tsohuwar safa, a cusa tsumma ko audugar rimi, a ɗinke, a fitar da kunnuwa da wutsiya. Ga zomo, ga kura, ga akuya. Ido kuwa da zare za a ɗinka shi. Masu shakka su sani, ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma matan sahabbai sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar azumin Ashura don su manta da yunwa.

Na biyu, a ɗaura zane tsakanin kujeru biyu, yara su ɓuya a baya, su riƙa ɗago dabbobin nan suna yin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Ya'yanmu suna tashi cikin 'yan'uwanmu Alago da Tibi da Eggon, suna jin harsunansu, a makaranta kuma Turanci. Madalla da haka, domin zaman tare ya fi daɗi in ana jin juna. Amma tun kafin a yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996 nake jin dattawa suna kukan cewa jikokinsu ba su san kacici-kacici ba, ba su san karin magana ba. Kaka ta zauna ta riƙe kura, jika ya riƙe Gizo, Hausar za ta shiga ba bulala.

Na uku, wasan kasuwa. Marafan kwalba su zama kuɗi, kwalin ashana ya zama sabulu, gwangwanin madara ya zama mudu. Wannan ta sayar, wancan ya taya, a ba da canji. Yaron da ya ƙirga marafai 20 ya cire 7 ya yi lissafi bai sani ba. Maza kuma a ba su kara da kwali su haɗa mota, ko a zana musu gidajen dara a kan kwali.

Sai kuma gargaɗi, don rigakafi ya fi magani. Yaron da bai kai shekara 3 ba kome baki yake kaiwa. Kada a ba shi maɓalli, ko gyaɗa, ko ƙwayar agushi, ko marfin kwalba, don suna shaƙewa ko su maƙale a hanci. Ƙaramin batirin agogo in ya tsaya a maƙogwaro yana ƙona shi cikin 'yan sa'o'i, sai a ruga asibiti nan take. A kawar da leda, a daddale bakin gwangwani, kwalbar da ta taɓa ɗaukar kalanzir ko maganin ciyawa kuwa kada ta shiga wasa ko an wanke ta. 'Yar tsana ma a riƙa wanke ta a shanya a rana.

Iyaye maza, ku ma ban cire ku ba. Rabin awa bayan Magariba ba za ta karya jari ba. Roƙona shi ne kowace uwa ta ɗinko dabba ɗaya ta zo da ita taro mai zuwa, mu koya wa juna. Allah Ya raya mana zuriya, Ya shi musu albarka.