Rigar Saƙi: Hannu Nawa Take Bi Kafin Ta Hau Wuya?

Jawabin da Edita ya gabatar a bikin yaye ɗaliban ajin yaƙi da jahilci



Da na shigo filin nan sai na dubi kayan jikinmu. Daga shadda sai yadi sai atamfa, har da ni mai magana. Mutum biyu kacal na hango da rigar saƙi, su ma dattawa ne.

Jama'a, rigar saƙi ɗaya gidaje da yawa take ciyarwa. Manomi ya noma auduga. Mace ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari. Marini ya tsoma zaren a karofi. Masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, wani ya zauna wata da watanni yana yi mata aska takwas, sannan mabugi ya buge ta har ta yi ƙyalli. Kowannensu da rabonsa, kuma kuɗin ba ya barin gari.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, an ce tun 1498 ake rini a cikinta. Turkuɗin Kura kuwa, Buzayen Agadas ne manyan masu sayensa, suna naɗa shi rawani, shunin yana kama musu fuska, su kuma abin ado ne a wurinsu.

To me ya faru? A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta, mai araha. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, yadi ya wadata, mata suka ajiye mazari. Ita ma masaƙar an rufe ta a 2002. Mun saki na gida, na Kaduna ya tafi, yanzu yawancin yadin kasuwa daga Sin yake zuwa.

Ban ce kowa ya jefar da shaddarsa ba. Rigar saƙi tana da nauyi da tsada, ba kuma a zuwa gona da ita. Damuwata ita ce, yawan baba da toka da katsi da ake zuba wa karofi, da yadda ake gane ya nuna, duk a kan dattawa suke. Ranar da aka binne marini, da su ake binnewa.

Ku da kuka karɓi takardar shaida yau, kun iya riƙe alƙalami. Kowa ya nemi marini ko masaƙi ko tsohuwa mai kaɗi a garinsu, ya gaishe su da goro, ya rubuta abin da suka faɗa, ko da shafi ɗaya ne. Ku miƙa wa malamin aji, shi zai kawo mana ofis, mu kuma za mu riƙa bugawa a wannan jarida kowane wata, da sunan garin da na mai sana'ar.