JAWABIN TUNAWA DA MALAM DAUDA ADAMU DA MASU DASHEN ITACE NA KWARIN MAGIYA

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. 'Yan'uwanmu da ke wajen biɗa a Abijan, da Ikko, da Kamaru, da Yamai, waɗanda wannan takarda za ta iske ku inda kuke, muna gaishe ku da gaisuwar gida. Bayan gaisuwa, mun tsaya gabanku yau don mu tuna da wani bawan Allah wanda dukanmu muka sha inuwar aikinsa, amma da yawa cikin yaranmu ko sunansa ba su taɓa ji ba, watau Malam Dauda Adamu, wanda ya riƙe aikin gandun daji a Buza a zamanin babban fari.

Dattawa, ku ne shaidu, ba sai mun gaya muku yadda kwarin Magiya ya koma a 1973 da 1974 ba. Ruwa ya ƙi, bisashe suka mutu, itacen da ya saura kuwa gatari ya ƙarasa shi. Da fili ya zama fayau sai iska ta sami hanya. Da hunturu ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Da farkon damina kuma, iskar da ke gaban hadari ta ɗebo rairayi ta yanke hatsi tun yana ganye biyu, ko ta binne shi. Mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare masa, damina ta yi nisa. Wannan shi ya ƙara tura samarin Adar barin gida, kuma cikin masu saurarenmu yau akwai waɗanda tafiyarsu ta fara daga nan.

To, a wancan zamani kowa ya san abin da ke tsakanin talaka da ma'aikacin gandun daji: in ka hango shi sai ka ɓoye gatarinka, don ba ka san shi da kome ba sai tara. Malam Dauda ya ɗauki wata hanya dabam. Mutum ne mai son daji da itace, wanda ya fi gane wa gona da bakin rijiya bisa ga zaman ofis. Ya shiga ƙauyuka ya saurari kukan manoma game da iska, ya ba su shawara, bai tsaya ga shawarar baki kaɗai ba. A 1974, shi da wani saurayi Ba'amurke ɗan sa kai na Peace Corps, mai suna Don Atkinson-Adams, suka kai maganar ga ƙungiyar CARE don neman taimako. Aka amsa, aka soma dashe a 1975.

Ga yadda aka tsara aikin, don matasa su sani ba da ka aka yi shi ba. An zaɓi dogon yaro saboda yana saurin girma, ba ya tuɓe ganye da rani, kuma saiwarsa tana cim ma ruwan fadama. Aka jera shi layi biyu-biyu a gicciyen hanyar iska, tsakanin itace da itace mita 4, tsakanin shinge da shinge mita 100. Daga baya aka riƙa haɗawa da bagaruwa don ta toshe ƙasan shingen. Ma'aikata suka raini 'ya'yan itacen a lambu, mutanen gari suka fito gayya suka haƙa ramuka suka dasa, aka kuma sa masu gadi su tsare su daga awaki da raƙuma har su fi ƙarfin baki.

Kada mu ce abin ya tafi sumul. Akwai mai gonar da ya ga layi ya ratsa masa ƙasar gado, ya ce an ci masa fili. Akwai mata masu kiwon awaki, da makiyaya, waɗanda hana sakin dabbobi ya matsa musu ƙwarai. Akwai kuma masu cewa gobe gwamnati za ta ce itacen nata ne, ta haɗa da gonar. Irin wannan tsoro takardar hukuma ba ta kawar da shi, sai zama da mutane, da haƙuri, da maimaita magana har ta shiga. Nan ne Malam Dauda ya yi aikin da ya fi dashen wuya, shi da dattawan ƙauyuka da suka tsaya masa ba da albashi ba.

Sa'an nan amfani ya bayyana. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tsawon shingayen ya wuce kilomita 300. Masu bincike suka auna, suka iske hatsin da ke bayan shinge ya fi na fili da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ko da an cire wurin da itacen ya ci. Dalili kuwa a fili yake: iska ta rage ƙarfi, raɓa da laima suna daɗewa a ƙasa, shuka ba ta binnewa. Da itatuwan suka girma aka soma sassabe kawunansu bi da bi, ana samun azara da itacen girki, su kuma suna sake tohowa. Har daga ƙasashen waje aka riƙa zuwa ganin Magiya. Maƙwabtanmu na Keita su ma, da babban aikinsu na gyaran ƙasa ya soma a 1984 da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a ka, don mazan suna wajen biɗa. Wannan magana ta shafe mu, mu matafiya, kada mu manta da ita.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo wannan tarihi. Duk wanda ya je gida cikinmu ya ga giɓi a layukan nan: wani wuri an sare har gindi, wani wuri tsufa ya kayar, ba a mayar ba. Shinge kuwa in ya yi giɓi, ta nan iska ke matsowa da ƙarfin da ya fi na da. Mu ne muke aika kuɗin hatsi duk shekarar da gona ta gaza, saboda haka asarar a aljihunmu take ƙarewa.

Don haka muna kawo shawara uku gaban iyayenmu, su duba. Ta ɗaya, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don rainon 'ya'yan itace da ladan mai ban ruwa. Ta biyu, ranar 3 ga Agusta, wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itace a Nijar, kowane gida ya cike giɓin da ke daidai gonarsa. Wanda ba ya nan ya wakilta ƙanensa. Ta uku, in an zo sassabe a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage musu rassa su tashi, yadda manoman Maradi suka yi tun shekarun 1980 har gonakinsu suka sake yin itace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattawa, muna roƙonku kuma ku gaya wa sakatare sunayen waɗanda suka yi gayya da gadi a garinmu, maza da mata, a rubuta su a fitowa ta gaba tun masu tunawa suna raye. Allah ya saka wa Malam Dauda Adamu da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin abokan aikinsa, Allah ya jiƙansu, ya sa inuwar da suka bari ta zama musu sadaka mai gudana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalam.