Ruwa dabam, wa'azi dabam



Da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, dubban matasa suka kwarara hamadar Kawar, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. A shekarar nan kuma matafiya 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace.

Mai agaji idan ya iske mutum kwance cikin rairayi, ruwa yake miƙa masa, ba ya tambayar alƙiblarsa. Dokar aiki da Croix-Rouge da manyan ƙungiyoyin agaji suka tsara a 1994 ta hana a yi amfani da taimako don yaɗa addini ko siyasa.

Mai wa'azi kuwa zuciya yake nema, kuma haƙƙinsa ne. Amma wa'azi sai ga mai ikon cewa a'a. Wanda maƙogwaronsa ya bushe, kome ka ce masa, "to" zai amsa. Ku 'yan kasuwa kun sani, cinikin da aka ƙulla da wanda aka shaƙe ba ciniki ba ne.

Ku ma'aikatan hukuma, ƙungiyar da ta zo neman izini, Musulmi ne ko Kirista, ku tambaye ta: ruwan nan, akwai sharaɗi a kansa?