Da-na-sani Ƙeya Ce: Jawabin Mushen Lakwal a Taron Ƙungiya

 

A 1978 Halilu Sabbo Mahamadu, ɗan Tawa, ya wallafa littafi da Faransanci, Abboki: labarin ɗan ƙauye da ya bar gona ya bi kiran bakin teku, ya komo yana tuna baya da nadama. Na fassara shi ma babana, tsohon ɗan Abijan. Ya daɗe shiru, kana ya ce: "Ni ko jana'izar uwata ban iske ba."

Ba mu hana bida, hatsin Adar ba kullum yake kai mu kaka ba. Amma ku riƙa komowa da damina. Dattawa, ku ba mu labarinku mu rubuta tun kuna raye.

Allah shi sa mu gama lafiya.