Iccen gwamnati da iccen mai gona

Kai da ke kora shanu ta Magarya ko Matamaye da rani, ka san inuwar gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, 'ya'yansa su zama abincin bisashe lokacin da ciyawa ta ƙare. To yau tambayata guda ce: wa ya maido da itatuwan nan bayan sun kusa ƙarewa?

A watan Afrilun 1974 sojoji suka karɓi mulki a Nijar ƙarƙashin Seyni Kunce, ana cikin babban fari. Gwamnatinsa ba ta yi wasa da maganar hamada ba. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, kuma a 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. In aka ba da umarni, kowa ya fito. Wannan shi ne ƙarfin mulkin da ba a yi masa musu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A dokar wancan lokaci, itatuwa irin su gawo suna ƙarƙashin hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ka sare reshe ba takarda, malamin daji ya ci ka tara. Ka tambayi dattawan rugarku, za su ba ka labari. To me manomi zai yi? In ya ga tsiro a gona sai ya tuge shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa magana. Dokar da aka yi don kare icce ta sa mutane tsoron icce. Na dashe kuma da yawa suka bushe, don babu mai su. Kuma wa zai je ya faɗa wa soja cewa dokarsa ba ta aiki?

Ku 'yan kasuwa kun tuna 1984. Ga fari, ga iyakar Nijeriya a rufe, har yunwar ta samu suna El Buhari. A shekarun nan ne wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na raye. In aka bar tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, aka gyare sauran, sai icce ya tashi. Manoma suka kira shi sassaben zamani.

Kunce ya rasu a 1987. Daga nan hannun hukuma ya yi sauƙi, aka yi dokar karkara a 1993, aka sabunta dokar daji a 2004. Da manomi ya tabbata iccen gonarsa zai amfane shi, sai ya riƙe shi kamar ɗa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ta sake yin kore, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Sai dai, ɗan'uwana makiyayi, akwai naka a ciki. Iccen da ya zama na mai gona, in ka hau ka sassare wa dabba ganye ba izini, rigima ce. Shi ya sa dokar kiwo ta 2010 a Nijar ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma akwai kwamitocin filaye da ke shata burtali da mashaya. In an kira zama, kada ka ce na manoma ne. Je ka, ko ka tura ardonku. Kai kuma mai lodin gawayi zuwa ƙetare, ka tambayi inda aka saro, don inuwar da ka sayar yau ita za ka nema gobe a hanya.

Umarni yana dasa icce rana guda. Rainonsa kuwa sai wanda aka saurara, wanda ya san zai ci moriya. Duk mai mulki, da kaki ko da babbar riga, abin da za mu roƙe shi ke nan: kafin ya sa hannu a dokar daji, ya zo ruga ya ji ta bakinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.